Rasuwar Tokunbo Mai Jera Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa inda za su sauka, iyalan Malam Abdulsalam mai albasa na unguwar Sabo a Ibadan suna sanar da dangi da abokan arziki rasuwar kwamfutar matarsa Madina, wadda aka fi sani da Tokunbo. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, cikin daminar nan ta 1997, a kan teburinta, ana tsaka da aiki.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan da tsufanta, bayan wani Bature ya gama morarta. Ta tarar da gida ba lafiya. Tun da Madina ta gama karatun kwamfuta take rubuta wa masu kantin magani da dillalan hatsi na kasuwar Bodija furogiram daga ɗakinta, ita da ƙanenta Babandi. Ita in tana rubutu, kowane layi sai ta tura shi ciki da tazara huɗu, don a ga inda magana ta fara da inda ta ƙare. Shi kuwa jibge layukansa yake yi a gefen hagu kamar buhunan da aka watso daga mota, ya ce ai inji bai damu ba, tun da abu yana aiki. Duk abin da ya taɓa sai ta wuni tana gyarawa. Rigima ta yi tsami har ya daina cin tuwon gidanta. Mahaifiyarsu, Inna Azumi, ta zo sulhu, ta saurari kowa, sannan ta ce, "Wato a kan wurin da babu komai a ciki kuke faɗa?" Ta ɗauki mayafinta ta tafi.

A wannan hali ne wata ƙawar Madina, Folake, ta ba ta wani ɗan furogiram a filofi, faifan ajiya na kwamfuta, mai gyara zaman layuka da kansa. Ɗora shi bai zo da sauƙi ba. Gwajin farko ya haɗiye bayanan da take rubutawa a gefe. Na biyu ya kakkarya dogayen layuka tun ba su kai ko'ina ba. Rani guda Madina ta ƙarar tana koya masa ƙa'idojinta ɗaya bayan ɗaya, miya na ƙonewa a murhu, har ta ɗaura shi a jikin editan, wato furogiram ɗin da suke rubutu a ciki, ta yadda duk wanda ya danna ajiye aiki, kafin ya ɗauke yatsa an jera masa komai.

Masu zuwa gidan ba za su manta da muryarta ba a irin wannan lokaci: kirrr, kat-kat-kat, sannan tiit. Babandi ya zuba shirmensa yadda ya ga dama, marigayiyar ta kwashe ta shirya, ba gori, ba tsaki, ba ta taɓa faɗa wa yayarsa yadda ta same shi ba. Ya koma cin tuwo. Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da zafin ɗaki, da ƙurar gari, da yatsun yara masu manja.

Ciwon ajalinta ya fara da tari wajen tashi. Fankarta ta soma gurnani, wani lokaci sai an dafa ta kafin ta farka. Ranar Talata aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfin da ya fi na marigayiyar. Ta ce tas, ta saki ɗan hayaƙi mai warin roba, ta yi shiru. Madina ta zabura ta ɗauko filofin da ta adana kwafi a ciki, ta tarar damina ta riga ta: ya yi funfuna. Ƙa'idojin nan duka a cikin marigayiyar kaɗai suke.

Tun ranar Madina ba ta zauna ba. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta koma ta danna makunni, ta sake fitowa. Ta jera takalman yara, ta jera kwanuka, ta juye kwandon albasar maigida ta jera su manya da ƙanana. Ga aikin wani mai kantin magani da aka yi wa alkawarin ƙarshen wata. An samo aron kwamfuta daga maƙwabta, amma baƙuwar ba ta san gidan ba, yadda aka ba ta layi haka take barinsa. Jiya Madina ta leƙa aikin Babandi a kan baƙuwar da shirin faɗa, sai ta gan shi yana danna tazara da hannu, a hankali, leɓensa na motsi yana ƙirgawa. Ta fita ta ƙara masa nama a miya.

Marigayiyar ta bar allo mai ɗan duhu a kusurwa, da kibod wanda harafin E ɗinsa ya goge, da firinta mai yawan surutu, da akwatin filofi, yawancinsu marasa lafiya.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar bayan azahar zuwa shagon wani mai gyara a kasuwar Dugbe, wanda ya ce zai buɗe cikinta ya gani ko akwai abin da zai tsira, amma bai yi alkawari ba. Ana karɓar gaisuwa a gida, maza a zaure, mata a ciki. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce a sayi sabuwa. Malam Abdulsalam ya faɗa, kuma ya ji amsa. Direban tasin da zai kai ta ya nemi a sa ta a but ɗin mota tare da sauran kaya. Babandi ya ƙi. Ya biya kujerar gaba, zai riƙe ta a cinya har can.