Dokar da Na Roƙa da Bakina

Yanzu nakan ajiye carbina in wuni ina nema, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tara mu a Argungu kan maganar masu dashen shinkafa ba. Ni ce shugabar matan da ke dashe a fadamar Gulma. Ban yi boko ba, amma idona ba ya barci. Mace ta dasa iri a karkace, ina ganinta ko na ba ta baya. Shakkata ake yi, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba.

Ga abin da ya kawo taron. Masu gona sun ɗauki wata ɗabi'a ta sa a yi feshin magani muna duƙe cikin ruwa, wai kada a ɓata yini. Hajo, wata bazawara da ke aiki a ƙarƙashina, ta shaƙi maganin, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi cikin laka, sai da aka kwantar da ita asibiti. Magana ta kai Birnin Kebbi, aka turo wani jami'i ya ji bakin kowa kafin a yi doka. Mata suka ce ni zan yi magana da yawunsu. To, da wa za su ce?

Masu gona suna kan kujeru a gefe ɗaya, mu muna kan tabarmi a ɗaya gefen. Kusa da ni ɗiyata ta fari ce, Larai, wadda muke dashe tare, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta.

Alhaji Mu'azu, mai gona mafi girma a wajenmu, shi ya fara. "Ranka shi daɗe, wanga al'amari ba na gwamnati ba ne, kasuwa ce. In na cuci mata yau, gobe su tahi gonar maƙwabcina, irina shi tsufa ba a dasa ba. Wanga tsoro ya isa shi tsare su. Wanda ke zaune ohis bai san sanyin ruwan fadama ba. Ku bar mu mu daidaita tsakaninmu."

Na miƙe, na gyara mayafi, na dube shi irin duban da nake yi wa mai ha'inci a aiki. "Alhaji, zaɓi na mai hatsi a rumbu ne. Matar da ta baro ɗiya da yunwa, ko guba kake fesawa shiga ruwa za ta yi. Maƙwabcin naka ma feshin yake. Ina za mu tahi?"

Mata suka ɗauki "Gaskiya ne, Inna!" Da na tsaya nan, da na koma gida da mutuncina. Amma yabo ya shiga kaina. Na ce a yi doka mai haƙora, ba sani ba sabo, ko uwar mutum ta faɗa ciki a kama ta. (Wannan ta ƙarshen ba wanda ya tambaye ni. Daɗin baki ne kawai.)

Jami'in ya ji daɗi. Yaro ne mai ladabi, sa'an jikana. Ya ce, "Madalla, Inna. Bari in faɗa muku abin da ake shawarar sawa a ciki." Ya fara. Ba feshi muddin akwai mutum a gona. Na ce, "Awo!" A fito ruwa da la'asar. "Awo!" Ba a sa mai ciki, ba a sa yara. "Awo!" Duk wanda ya haura shekara sittin ba za a ɗauke shi aikin cikin ruwa ba, saboda sanyi da matsattsaku.

"Awo!" in ji ni, da ƙarfi fiye da na baya.

Bakina ya riga kunnena. Sai da maganar ta fita na gane abin da na amsa. Ni ba ni da gona, mai gidana ya daɗe da rasuwa. Dashen nan shi ne tuwona, shi ne kuma girmana a gari. Kowa ya juyo yana kallona, har masu leƙe ta taga.

Yaron ya yi ƙasa da murya. "Inna, shekarunki nawa?"

Ban san shekaruna ba, ba wanda ya rubuta ranar da aka haife ni. Da na ce ban sani ba, da gaskiya na faɗa. Sai na ji bakina ya ce, "Arba'in." Na ga idonsa ya tsaya a kan haƙoran da suka rage mini, na ƙara, "Da 'yan kai."

Daga bayan tabarma Kulu, wadda bakinta ba ya da murfi, ta ce, "To Inna, ke da Larai wa ya girmi wani?"

Dariyar da aka yi, ina jin har bakin kasuwa an ji ta. Larai ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa maimakon in zauna, sai tsoro ya ƙara ingiza ni. Na nuna jami'in da yatsa. "Yaro, wa ya aike ku? Kai da ke zaune ohis, mi ka sani game da ruwan fadama? Ku bar mu mu daidaita da masu gona tsakaninmu!"

Maganar Alhaji ce na kwafe, ko gishiri ban ƙara mata ba. Ya tashi a hankali, ya jawo kujerar da ke kusa da shi, ya kaɗe ta da hularsa. "Inna, taso ki zamna nan. Ashe tun ɗazu tare muke."

Aka sake fashewa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba: Hajo. Kallona kawai take yi, ita da ta taso daga jinya don ta ji na tsaya mata. Wannan kallon ya fi dariyar ciwo. Na koma kan tabarmata, na ce da ƙaramar murya, "A bar maganar feshin a cikin dokar."

Jami'in ya ce zai koma da maganar shekarun a sake dubawa. Har yau muna jiran dokar. Abin da muka yi, mun haɗa baki: da mun hango mai tankin feshi, sai mu fito ruwa gaba ɗaya mu zauna kan kunyar gona. Bayan an yi haka a gonarsa, Alhaji ya mai da feshinsa ranar da ba mu nan. Shi yana cewa kasuwarsa ce ta yi aiki. Ni ina ganin tsoron dokar da ke tafe ne ya tausasa shi. Mukan yi wannan gardamar duk shekara, ba wanda ya ka da wani.

Ina nan ina dashena. Sai dai sunana ya canza, daga Gulma har Argungu: Inna Arba'in. Matan da ba su iya haɗa ido da ni a da, yanzu in na tsawata sai in ji wata ta ce, "Ku yi haƙuri da ita, ƙuruciya ce."

Har gobe ina son a yi dokar. Amma na koyi abu ɗaya: in za ki sa a wasa wuƙa, fara leƙa turke ki ga ko ke aka ɗaure.