Ranar da Na Ci wa Kawu Zaɓe a Kwamfuta

Ina aji uku a jami'a, a sashen kimiyyar siyasa, na cinye kwas ɗin dabarun bincike, har na fara jin Goronyo ta yi mini kaɗan. A hutun nan ne Kawu Sani ya fito takarar kansila a Boyekai. Na ce, "Kawu, bar yawon bin malamai, ilimi za shi gaya muna komi."

Na hau babur ɗinsa, mai hotonsa gaba da baya, na bi fadama ina tambaya, "Baba, wa za ku zaɓa?" Kowane dattijo sai ya dubi babur, ya dube ni, ya ce, "Haba ɗana, tambayar mi? Kawunka mana!"

Na zuba amsoshin a kwamfuta, ta ce ƙuri'a duk tashi ce, na nuna wa Kawu. Nan take ya daina kamfe, ya sayar da albasar da ya ajiye, ya sayi san walima.

Ranar zaɓe, ko a akwatin ƙofar gidansa bai ci ba. Har yau da hannu yake amsa gaisuwata.

Yanzu in hadari ya haɗu, mutanen gari sukan tare ni: "Malam Bincike, za a yi ruwa?" In na ce i, sai su shanya gero.