Dokta Makullai da Na'urar Jos

Duk Kafanchan babu masanin lafiya kamar dattijo Yafet. Shekara ashirin da biyu ya yi a asibiti, yana tura gadon marasa lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Wai ai mai kusa da tukunya ba ya rasa ƙamshin miya. Shi ya sa yaran unguwa suka naɗa shi Dokta Makullai, saboda damin makullan da ke lilo a ɗamararsa: na coci, na sito, na rijiya, har da na wani ofis da aka rushe tun tuni. Kafin ka gan shi ka ji shi, cakwal-cakwal, kamar akuya mai ƙararrawa.

Sai ga Tamar, matar ɗansa Zamani, mai cikin wata shida, ta kwanta da ciwo a gefen dama, ga amai, ga zazzaɓi. Dokta ya duba ta daga bakin ƙofa.

"Yaro ne ke buga ƙwallo. Jinina ne, ba ya zama wuri ɗaya. A ba ta kunun acca."

Kwana biyu ana kunun acca, Tamar na cizon zane. A na uku matarsa, Mama Afiniki, ta tsayar da keke mai ƙafa uku za ta kai ta asibiti.

"Baban Zamani, matsa ko in bi ta kanka."

Likitan gaske ya ce yana zargin afendis ne, amma ciki ya tura shi sama, hoton sikanin bai nuna ba. Sai a garzaya Jos a yi MRI, hoton da ba ya taɓa jariri, kafin abin ya fashe.

"Emarai?" in ji dattijo. "Na san shi tun yana ƙarami."

A Jos, nas ta ce na'urar ƙaton maganaɗisu ce, kada ko allura ta shiga ɗakin. Tamar ta cire 'yan kunne. Dattijo ya ce sai ya fara shiga ya duba aikin.

"Baba, ba a shiga. Balle da wannan kaya."

"Yarinya, kin taɓa jin Manzo Bitrus ya ajiye makullan Mulkin Sama a bakin ƙofa?"

Tana juyawa ta kama Tamar, ya faɗa ciki, ƙirji gaba. Taku uku ya yi. Na huɗun na'ura ce ta yi masa. Makullai suka miƙe kamar sun ga uwarsu, suka ja Dokta da gudun da bai yi ba tun yana saurayi. Ƙau! Ɗamara ta tsinke, wando ya sauka ya gaida takalmi.

Ƙarti huɗu suka yi rabin awa suna ɓamɓarar makullai, Tamar na nishi a kan benci, Mama Afiniki na addu'a da ido ɗaya, ɗayan na kan mijinta.

Hoto ya fito: afendis, saura ƙiris ya fashe. Aka yi aiki a ranar. Uwa lafiya, ciki lafiya.

Ranar godiya a coci, dattijo ya karɓe makirfo.

"'Yan'uwa, na'urar nan da kanta ta gane ni. Ina shiga ta jawo ni jikinta!"

Daga layin zumuntar mata Mama Afiniki ta amsa, ba makirfo amma har waje an ji:

"Gaskiya ne, injin ba ya ƙarya. Ya duba Tamar ya ga ciwo. Ya duba Dokta ya ga gajeren wando mai huda uku."