Wayar Gashin Da Ban Wanke Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Riyad ba, ko da zan manta lambar iƙamata ta zaman ƙasa. Shekarata goma sha tara ina gadin wani bene a unguwar Suwaidi, gemu ya yi fari tas, amma ranar nan na yi abin da ko ɗan akuya zai ji nauyinsa.

Mijin autata ne ya samu gurbin karatun addini a nan. Yaro natsattse, ba ya haɗa ido da ni, in ya gaishe ni sai ya kusa kai goshi ƙasa. Na ce to, bari in nuna wa suruki cewa Baba ba ƙaramin mutum ba ne a garin nan. Na kira abokina Isuhu Badamagare mai wankin mota, muka sayi cinyar rago, na haɗa yaji da ƙuli-ƙulin da aka aiko min daga Maraɗi, muka nufi wadi, wani kwari a bayan gari, inda aka girke murhunan gashi na kowa da kowa.

Ƙa'idar wurin ɗaya ce: wayar gashin da ka tarar a kan murhu, ka wanke ta kafin ka gasa, ka kuma wanke in ka gama. Wanda ya riga mu bai ji wannan karatun ba. Maiƙo ya daskare a kai kamar kwalta, ga fatar kifi ta manne, ga ƙuda suna walima.

"Baba, kawo buroshin in kankare," in ji surukina.

"Haba Malam, hannun da ke riƙe littafi? Ku je ku yi la'asar, ni zan yi tawa in kun dawo. Kafin nan za ku ga fuskarku a jikinta."

Suka tafi suka bar ni da gadin kaya (sana'ata ce dai). Na goga sau uku, bayana ya ce bai san zancen ba. Ina ɗaga kai sai na hangi murhun da ke kusa da mu. Waya fes tana sheƙi, an jera gawayi, har da rabin albasar da aka goge ta da shi. Babu kowa. Na ce wa raina ai sabil ne, wato sadaka, a ƙasar nan har ruwa ake ajiyewa a hanya don Allah. (Na ga buhun gawayi da tabarma a naɗe a gindin bishiya. Na kau da kai. Idona na dama dama ba ya gani sosai, ranar sai na hagun ma ya taya shi.)

Na jawo kayanmu can, na hura wuta. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, sai da na lakaci baƙin tukunya na shafa a goshi da gaban riga, don a ga shaidar wahala.

Da suka dawo surukina ya tsaya yana kallo. "Sannu Baba, Allah ya ƙara ƙarfi."

Isuhu ya dubi wayar, ya dube ni. "Tsoho, ba can muka bar ka ba?"

"Hayaƙi ne ya kore ni. Kai dai Badamagare, miƙo nama."

Tsire ya fara ƙamshi ke nan sai ga wani dattijo Balarabe, ya girme ni nesa, yana dogara sanda, hannun farar jallabiyarsa duk baƙi. Ya yi sallama, ya faɗi magana a hankali. Na ji sarai, Larabcin titi ai na sha shi. Amma na juya wurin surukina na ce, "Malam, me yake cewa?"

Yaron nan ya sunkuyar da kai. "Baba... yana gaishe ka ne."

"Gaisuwa ce mai tsawo," in ji Isuhu. "Cewa ya yi tun azahar yake kankare wayar nan, ya je masallaci ya dawo ya tarar ta yi baƙi."

Da dattijon ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai ya yi murmushi ya ce ma fi mushkila, wato babu damuwa, mu ci lafiya. Ya jingine sandarsa, ya ɗauki buroshina, ya nufi ƙazamar wayar da na gudu na bari. Surukina ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya bi shi.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na fizge buroshin, na duƙa na kankare wayar nan har kafaɗata ta daina jin magana. Isuhu yana zaune yana cin tsire yana ba da umarni: "Ga saura can ta kusurwa, ranka ya daɗe." Dattijon kuma ya zuba min gahawa har sau biyu, na sha ina kallon ƙasa.

Har yau surukina bai taɓa tayar da zancen ba, ko matarsa bai gaya wa ba. Gaisuwarsa ma sai da ta ƙara tsawo. Isuhu kuwa, kafin Asabar ya kai labarin har unguwar Ulaisha.

Ni dai abin da na koya, in za ka yi ƙarya, yi ta gaban wanda zai yi maka dariya, a wuce wurin. Kada ka yi ta gaban suruki. Shi rufa maka asiri zai yi, ka kwana kana jin zafin mayafin.