Kofin Baftisma a Kan Salansa

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da muka kai 'yata Rahila baftisma ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta. A lokacin ni direban tarakta ne a gonar wani tajiri can wajen Doka, inda dawa ke tafiya har ido ya gaji. Mu Kiristoci masu jin Hausa a Gadarif, can gabas a kan tsohuwar hanyar aikin hajji, ba mu da yawa. Mahaifina ne ya biyo motocin alhazai yana yi musu gyara, hanya ta ajiye shi a nan.

Taraktar ja ce, na sa mata suna Hamra, wato Ja a bakin mutanen nan. (Ba tawa ba ce fa, ko ƙusa ɗaya ban mallaka a jikinta ba.) Amma kowace safiya, kafin in ce "Ubanmu wanda ke cikin sama," sai na fara duba mata mai da ruwa. Na san tarinta, na san nishinta. Rahila kuwa ta fara haƙori ban sani ba sai da ta cije ni. Duk da haka, in aka yi wa'azi a kan ɗan maraƙin zinariya, ni ne kan gaba wajen girgiza kai, ina cewa a raina, ji mutanen banza, su durƙusa wa ƙarfe! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Matata Marta ta gaji da roƙo. A sa ranar baftisma in ɗaga: yau huɗa, gobe shuka, jibi yankan riɗi. Ga yarinyar ba ta rabuwa da zazzaɓi. Rannan ta tare ni a ƙofa ta ce, "Abu Rahila, in wani abu ya sami yarinyar nan ba baftisma, ba zan yafe maka ba. Wannan karon in ka sake, halas, ni da kai mun gama." Na rantse da duk abin da na sani.

Farkon damina ne, baƙar laka ta hana kowace mota tafiya, sai na kwashe Marta da Rahila a bayan Hamra har kanisa, wato cocinmu. Har da maƙwabcinmu Baba Hamidu, dattijo Musulmi, wanda ya ce ba zai bari a yi wa Rahila, da yake kira jikarsa, sha'ani ba ya nan. Ya sami benci a bakin ƙofa ya zauna. Ni kuma na ajiye Hamra daidai taga. (Na ce saboda inuwa. Hadari ne a sama, wace inuwa?)

To, duk direban tarakta ya san abu ɗaya: salansarta, bututun hayaƙi, a tsaye take, baki sama, in ka kashe injin sai ka kifa mata gwangwani don kada ruwan sama ya shiga. Ni da ban taɓa mantawa ba, rannan gwangwanin na gida.

Muka tsaya a gaban jama'a, Marta riƙe da Rahila cikin farin zane. Ƙasis, limamin cocinmu, tsoho mai rawar hannu, ya miƙo mini kofin ruwan baftisma ya ce, "Riƙe mini, ɗana." Ya tambaye ni ko na ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa. Na ce "Na ƙi!" da ƙarfi, don na baya su ji.

Sai kwanon rufi ya fara ƙara. Ruwa ya kece. Na ɗaga ido ta taga, na hango salansar Hamra baki buɗe tana sha.

Ban yanke shawara ba, wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ƙafafuna ne suka tafi da ni. Na ratsa ta tsakiyar mata, na tsallake ƙafar Baba Hamidu, na watsar da ruwan da aka yi wa addu'a a cikin laka, na haye na kifa kofin a kan salansa. Ya zauna daram kamar don ita aka ƙera shi. Har na shafa mata kai na ce, "Malesh, malesh, yi haƙuri."

Da na juyo, kanisa gaba ɗaya na bakin ƙofa. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da na ji sauƙi. Ƙasis na tsaye da hannunsa a miƙe, ba komai a ciki. Baba Hamidu ya dube ni, ya dubi taraktar, ya ce a hankali, "Yaro, ashe ita kuka kawo wa sunan? Ai da ka faɗa, da mun sa mata lalle."

Na sauko ina "Marta, tsaya ki ji." Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta gyara wa Rahila zane ta ce, "Abu Hamra, koma wajen 'yarka, kada ta yi mura."

Ƙasis ya ce ba zai ci gaba ba sai uban ya san gaban wa yake tsaye. Da laka ta bushe Marta ta shiga motar Ƙala'at an-Nahal, gidan yayanta. A can aka yi wa Rahila baftisma, kawunta ya riƙe kofi. Na je biko har na daina ƙirgawa. Ana ba ni shayi, a raka ni tasha.

Hamra fa? Bayan kaka biyu tajirin ya sayo sabuwa, ya ba ɗan ƙanwarsa tuƙi, ni ya ce in huta. Tana nan yashe a bayan bukkokin leburori, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ruwan kowace damina na shiga salansarta, kuma ko sau ɗaya ba ta tambayi inda nake ba.

Abin da na koya, a makare: gunki ba sai an sassaƙa shi ba. In kana so ka san naka, jira ruwa ya sauko, ka ga inda ƙafafunka za su kai ka. Rahila ta girma yanzu. In mun haɗu a kasuwa takan gaishe ni da ladabi sosai, irin ladabin da ake yi wa baƙo.