Yadda Za Ki Hana A Kashe Tsohuwar Kwamfutar Ofishin Mijinki

'Yar'uwa, matso kusa. Idan mijinki ne ke kula da tsohuwar kwamfutar kamfani, kuma kin ji ƙishin-ƙishin za a kashe ta a kawo sabuwa, ga magani. Da hannuna na gwada. Aji huɗu na yi a makaranta, amma na kayar da masu digiri uku da jakunkunansu. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawari na'urar nan sai ta ga jikokin manaja.

Mataki na ɗaya: Ki san abin da kike tsoro

Kwamfutar da nake nufi ba irin ta hannu ba ce da ake shafa wa fuska. Baƙa ce, tsayinta kamar firji, tana zaune a ɗaki mai sanyi a hawa na uku na kamfanin kayan gini inda maigidana ke aiki. Rubutunta kore ne a kan baƙin allo, ba hoto, ba kwalliya. Kaka suke ce mata a ofis. Shekara talatin da huɗu ita ke faɗin fenti nawa ya rage a sito, ƙusa za ta tafi wane shago, wace mota za ta ɗauka. Ta ga bayan manajoji biyar, ba ta taɓa cewa kanta na ciwo ba. Kuma duk kamfanin mutum ɗaya ne ke jin yarenta: maigidana.

Ranar da aka kashe Kaka, ranar za a ba shi agogon bango a ce ya je gida ya huta. Gida kuwa ina ne? Falona. Falon da ni da Matar Direba da Mai Ɗinki muke zama kullum da hantsi mu duba lafiyar unguwa. Bara waccan ya ɗauki hutun mako ɗaya. Ya jera min tukwane daga babba zuwa ƙarama, ya manna wa gwangwanayen kicin lamba. Matar Direba ta shigo da labari yana tururi a bakinta, ta gan shi da jarida, ta ce, "Dama gaisuwa ce," ta juya. Sai da labarin ya yi sanyi na ji shi. Mace mai hankali ba a yi mata haka sau biyu.

Mataki na biyu: Ki nemo littafin

Kowane tsoho irin wannan yana da littafi. Na maigidana mai jan bango ne, duk abin da ya taɓa koya wa Kaka yana ciki, da rubutunsa mai kama da sawun kaza. Ya zo da shi gida wai sabon manaja ya ce a ba baƙin da za su haɗa sabuwar na'ura.

Ki jira ya shiga wanka. Ki sa littafin a ƙasan akwatin zannuwanki. Namiji zai ɗaga katifa, zai leƙa bayan firji, amma ba zai taɓa akwatin nan ba, don yana tsoron a tuna masa yaushe rabon da ya ƙara zane a ciki.

"Ke, ba ki ga wani jan littafi ba?"

"Maigida, ni da karatu? Ka duba motar haya."

Kada ki yi saurin amsawa, kada kuma ki taya shi nema da zafi. Mai gaskiya a hankali take nema.

Mataki na uku: Ki saki magana inda take da ƙafa

Kada ki je wurin manaja. Ki je wurin matar da mijinta ke tuƙa shi, wato Matar Direba. Ina zuba mata shayi na ce, "An ce wani kamfani sun kashe irin Kaka, har yau suna neman buhun siminti ɗari huɗu."

"Wane kamfani?"

"Ni dai an ce na ce."

Kafin mako ya zagayo maganar ta dawo min ta bakin Mai Ɗinki, buhunan sun zama dubu, har da manajan da ya suma a bakin ƙofa. Na riƙe baki na ce, "Kai, duniya!" Idan labarinki ya dawo da ƙiba, ki karɓe shi kamar baƙo.

Mataki na huɗu: Ranar gwaji ki kama bakinki

Nan ne mata da yawa ke faɗuwa. Akwai abin da kika sani wanda baƙin ba su sani ba, kuma harshenki zai yi ta ƙaiƙayi.

Cikin masu sayen kaya akwai wa da ƙane da suka gaji shagon ubansu, suka yi faɗa a kan wani tsani, suka raba shagon da bango. Suna ɗaya, titi ɗaya, shekara ashirin ba gaisuwa. Maigidana ya daɗe da sa wa Kaka wata 'yar alama: na wa ranar Litinin, na ƙane ranar Laraba, kada mota ɗaya ta taɓa haɗa su. Ni na sani, don shekara ashirin ina jin wannan a kan abinci.

Sabuwar na'ura mai wayo ta ga suna biyu iri ɗaya, ta ce kuskure ne, ta mai da su mutum ɗaya. Aka sauke fentin wa a ƙofar ƙane. Matar Direba ta ce mijinta da ya kai manaja sasanci ya dawo da rabin rigarsa shuɗiya, kuma matan 'yan'uwan sun tono maganganun da tun ranar raba gado ba a faɗa ba. Kwana uku muna cin labarin nan.

Mataki na biyar: Ki tsinci littafin

Sai komai ya dagule. Ki fito da shi kina karkaɗe ƙura. "Maigida, ko wannan ne? Ka gan shi a bayan kujera." Ya rungume littafin yadda bai taɓa rungume ni ba. Baƙin suka buɗe, suka ga irin alamar nan ta cika shafi tamanin, kowace da dalilinta: wannan shagon ba ya karɓar kaya da rana tsaka, doguwar mota ba ta wucewa ƙarƙashin waccan gada. Suka ce aikin sai shekara biyar. Manaja ya ce a bar Kaka ta ci gaba da numfashi.

Mataki na shida: Ki san inda za ki tsaya

Ni ban sani ba. Na je ofis kai wa maigidana tabaran da ya manta, na haɗu da manaja a bene, daɗin nasara ya ɗebe ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ku riƙa lallaɓa min shi. Gwiwar nan tasa, in ya zame a benen nan wa zai yi wa Kaka magana?"

Manaja ya dubi benen, ya dube ni, ya ce, "Mama, kin yi gaskiya."

Ranar Litinin aka kawo allo mai koren rubutu aka kafa a falona, daidai inda Mai Ɗinki ke miƙe ƙafa. Wai daga gida maigidana zai riƙa aiki. Shekara biyar.

Jiya Matar Direba ta leƙo, ta ce, "Dama gaisuwa ce." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Zauna mana. Kin san wa ya yi odar ƙofar ƙarfe da kwaɗo shida bayan surukarsa ta tare?"

Ta zauna. Kusa da shi. Ni aka tura dafa shayi.

Gargaɗi

Alkawarin da na yi shi ne na'ura ba za ta mutu ba, kuma ga ta can tana gurnani. Ban ce komai a kan falo ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta wayi gari mijinta ya kwashe mata ƙawaye, kada ta zo ƙofata. Ba ta ji daga bakina ba, ban san wani jan littafi ba, kuma ni da karatu? In kuma dole sai kin zo, ki zagayo ta ƙofar kicin. Can nake zama yanzu, tsakanin gwangwani mai lamba bakwai da mai lamba takwas.