Ranar da na ceci cocin Croydon daga shiru

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta watan Nuwamba ba, shekarata ta farko a London, ranar da na ɗaga murya a inda ko tari ba a yi.

Anti Saratu, ƙawar mamata, ita ta kai ni wani ƙaramin cocin Methodist a Croydon. Tsohon gini ne, an ce bam ya taɓa ɗauke rufinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, membobi suka sake ɗora shi da hannunsu. Yawancinsu tsofaffin Turawa ne, sai 'yan Jamaika da 'yan Ghana, sai mu biyu. Kaɗaici ya ishe ni a lokacin, burina ɗaya in shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, in samu mutane. Mai yanke hukunci kuwa Madam Margaret ce, tsohuwar da ke kaɗa ogan, abin kiɗan nan mai kama da piyano, wadda ta ce za ta “duba lamarina”. Mako uku tana dubawa.

To ni a Kaduna na tashi, 'yar Zumuntar Mata ce gaba da baya. A wurinmu in aka ɗauke wuta kayan kiɗa suka mutu, ba a barin coci ya yi tsit. Wata ce za ta ɗauko waƙa, saura su amsa, har a tada janareta. Ni ce mai ɗauko waƙar (kuma ina alfahari da haka, Allah ya yafe mini).

Ran nan bas ya makarar da ni. Na shigo na tarar kowa da jar fulawa a ƙirji, na ce a raina yau kwalliyar ke nan. Na lallaɓa na zauna a baya. Madam Margaret tana cikin kiɗa sai ta ɗauke hannu. Fasto ya sunkuyar da kai. Kowa ya miƙe tsaye, ba mai motsi.

Na jira. Shiru. Na hango tsohuwar ta ƙura wa bango ido. Wayyo, na ce, ogan ya lalace, baiwar Allah ta rasa yadda za ta yi, kuma Turawan nan ba mai taimakonta! Ga dama ta samu. Na gyara ɗankwali, na ja numfashi, na ɗauko waƙar yabo da Hausa tun daga cikin cikina. Har da tafi.

Ba wanda ya amsa. Na ɗauka ba su san waƙar ba ne, sai na ƙara murya. Ina shirin rangaɗa guɗa Anti Saratu ta ratso layi ta damƙe hannuna.

“Ke! Rufe bakinki! Silence ake yi wa waɗanda suka mutu a yaƙi!”

Sai a lokacin na ga abin da Madam Margaret ke kallo: allon dutse ne a bango, da sunayen 'yan cocin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Ashe jar fulawar nan ma ta tunawa da su ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sauran sujadar ina kallon takalmina na yi ta.

Da aka tashi shan shayi na nufi ƙofa, Anti ta tare ni. “Ina za ki? Sai kin je kin yi apologise. Sunan baban Madam Margaret na kan allon nan, tana jaririya ya rasu.”

Na je na durƙusa har ƙasa kamar a gida, abin da ya ƙara jawo mini idanu. Tsohuwar ta tambaye ni da Turanci me waƙar ke cewa. Na ce godiya ce ga Allah da ya riƙe mu har yau.

“Tun ina yarinya nake yi wa babana shiru,” in ji ta. “Ba wanda ya taɓa yi masa waƙa.” Ta share ido, ta ƙara da cewa, “Amma kin shigo da waƙar da wuri. Ranar Alhamis muke koyon waƙa, kada ki makara.”

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Yanzu ina cikin kwaya, kuma duk shekara ni ke ɗauko waƙar nan, bayan an gama shirun. Na dai koyi cewa a London in coci ya yi tsit, ba lallai wuta aka ɗauke ba. Madam Margaret kuwa har yau ba ta gama yarda da ni ba. Kusa da ogan ta ajiye kujerata, kuma da zarar fasto ya sunkuyar da kai, sai in ji hannunta ya riƙe nawa gam.